Saura Kwana Tara Horon Inna Ya Cika

Sunana Marta, ɗinki nake yi a Tasawa. Shekara guda ke nan da muka binne mahaifiyata, sai yanzu hannuna ya yarda ya rubuta yadda jinyarta ta kasance. Ba don a yi mini sannu nake rubutawa ba, an yi ta isa. Ina rubutawa ne saboda masu tsofaffi a ƙauye, da kuma ƴan'uwana masu bi, waɗanda na san za su ji haushina in sun karanta. Su ji. Ni ma da haushin nake kwana, da shi nake tashi.

Ƙauyenmu yana kusa da Gidan Amumune. Mu Kirista gida tara ne kacal, majami'armu ta ƙasa ce da rufin kwano. Inna Tabita ita ce uwar zumuntar mata tun ina ƙarama. Ita ke ɗaga waƙa, ita ke buga tulu, in an yi haihuwa ko rasuwa ita ake fara gani a ƙofar gida, gidan Kirista ne ko na Musulmi. Aminiyarta kuwa Gwaggo Saratu ce. Ba jini ya haɗa mu da ita ba, amma rana ɗaya aka yi musu baftisma a tabki ɗaya, ita ta yanke mini cibiya, na yi barci a bayanta fiye da yadda na yi a bayan Inna.

Sai na faɗi wani abu tukuna, don a gane abin da ya biyo baya. Kakarmu, uwar Inna, ƴar bori ce, da munduwar ƙarfe a ƙafar hagu take rawa. Ta rasu Inna tana budurwa. A wajenmu, wanda zai karɓi baftisma yakan kwaso layu da duk kayan tsafin gidansu a ƙone a gaban jama'a, a tambaye shi, «Shi ke nan?» ya ce, «Shi ke nan.» Inna ta kawo komai, ta ce shi ke nan, amma ta riƙe munduwar. Ba ta taɓa sa ta ba, ba ta taɓa roƙon komai wurinta ba. Abin uwarta ne da ya rage mata, ba wani. Tana ƙasan akwati cikin tsumma fiye da shekara talatin, mu ƴaƴanta ma ba mu san da ita ba. Mutum ɗaya ta faɗa wa da bakinta, Gwaggo Saratu.

Ciwon ya fara lokacin girbi. Kara ya soke ta a tafin ƙafar hagu, ta wanke da ruwan gishiri ta ɗaure, ta koma gona. Sati ya zagayo raunin bai rufe ba. A sati na biyu ƙafar ta kumbura, ga ƙishirwa da ba ta jin ruwa, ga yawan zagayawa. Wana Yakubu, wanda shi ne magatakardan majami'a, ya ɗauke ta a babur zuwa likitar Gidan Amumune, ɗan asibitin da ke can. Majo, wato ma'aikacin jinyar wurin, ya wanke raunin, ya ba da magani, ya rubuta takarda ya ce kada a kwana uku ba a kai ta Mayahi an auna mata sukari ba. Allah ya saka wa majon nan, ya faɗi gaskiya tun da wuri. Yakubu ya kira ni ya ce ɗan rauni ne. Ina da ɗinkin biki jibge a gabana, na ce a gaishe ta, ina nan tafe. Ban tafi ba. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa shi.

Ranar Lahadin sati na uku Inna tana kwance a gida. A majami'a aka zo lokacin roƙon addu'a, Gwaggo Saratu ta miƙe. Yakubu ne ya maimaita mini maganarta daga baya, kansa a ƙasa.

«Ƴan'uwa, ni dai ba ni iya yin shiru kuma,» in ji ta. «Ciwon Tabita ba na likita ba ne. Akwai abin da ta ɓoye ma Ubangiji tun ran da anka yi mana baftisma. Ku duba ƙahwar da ta kumbura, ita ce wadda uwarta ke sa abin.»

Ana tashi, dattawa biyar suka nufi gidanmu da Pasto, Gwaggo Saratu tana gaba. Ba ta yi lalube ba, ta san akwatin, ta san kusurwar. Ta kwance tsumman a tsakar gida, gaban surukai da jikoki. Matar Yakubu ta ce Inna ta ɗago daga tabarma ta dube ta, ta ce, «Saratu, ke?»

Dattawa suka zauna a ranar suka yanke hukunci. Munduwar aka jefa a wuta, da ta ƙi ci aka sare ta da gatari aka watsar a daji. Inna kuma aka sa ta ƙarƙashin horo na wata uku. Ga wanda bai sani ba, mai horo a benci na ƙarshe yake zama, ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi, ba ya waƙa a gaba, zumunta ba ta zuwa gidansa da tulu. Aka karɓe zanen zumuntarta, aka ce Gwaggo Saratu ta riƙe matan kafin a gani. Abin da ya fi duka, aka ce a ajiye takardar Mayahi tukuna, a fara da tushen ciwon: ta yi azumi kwana bakwai, daga safe har faɗuwar rana. Lahadin da ta biyo, a amalanke aka kai ta, aka tallabo ta ta furta laifinta a gaban yaran da ta koya wa waƙa, sannan aka zaunar da ita can baya kusa da ƙofa, inda muke ajiye takalma.

Duk wannan ban sani ba. In na kira, Yakubu ya ce da sauƙi, ana addu'a. Azumin kwana bakwai ya ƙare, ƙafar ba ta sace ba, aka ce a ƙara bakwai.

Wanda ya tona shi ne Kawu Idi, ƙanen Inna. Shi Musulmi ne, makiyayi, can wajen Maireire yake. Ya zo kasuwa ya biyo gaishe da yayarsa, tun daga zaure wari ya tare shi. Ya ari waya ya kira ni.

«Marta, mi kike yi Tasawa?»

Na ce, «Aiki, Kawu. Lahiya?»

«In kina son ki iske uwarki da ƙahwa biyu, ki aje keken nan ki taho yau.»

Na hau mota zuwa Mayahi, daga nan kabu-kabu. Abin da na tarar ba zan zana shi duka ba. Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin, ƙafar ta yi kamar tulu, matar da ke ɗaukar dami a ka ta koma abin da zan iya ɗagawa ni kaɗai. Na tambayi Yakubu ina takardar majo. Ya ciro ta daga cikin littafin majami'a, a ninke, tsaf, ko datti ba ta yi ba. Wallahi da ba wana ba ne da na mare shi.

Muna shirin fita sai ga Gwaggo Saratu, da kwanon kunu a hannu.

«Ɗiyata, kada ki ɓata aikin da anka fara. Saura kwana biyu azumin ya cika.»

Na ce, «Gwaggo, amana ta ba ki.»

«Don in cece ta na yi. Gara ta ji kunya nan da ta ji ta gaban Ubangiji.»

«To mi ya hana ki hwaɗa mata ku biyu cikin ɗaki? Shekara talatin kina da bakin nan, sai da ta kwanta?»

Ta ajiye kunun ta ce Allah ya shirye ni. Har yau ban san ko ta yarda da abin da ta faɗa ba, ko kujerar zumunta ce ta daɗe tana kallo. Wataƙila duka biyun. Na dai san a gabana ta juya, zanen shugabar mata ɗaure a ƙugunta.

Washegari a Mayahi mun shiga layi tun hantsi, sai bayan azahar muka ga likita. Aka ɗiga jininta a ɗan inji, likitan ya duba, ya sake dubawa, ya kwance ƙafar, ya ɗago ya ce, «Ina kuka tsaya?» Na ce addu'a ake yi. Ya ce, «Ku yi ta yi, madam, amma wa ya ce a hana mai sukari abinci da magani?» Wannan tambayar tasa, ina kuka tsaya, har yau in na rufe ido ina jin ta. Ya ce sai an yi aiki. Muka wuce da ita Tasawa, inda nake da ɗaki da maƙwabta.

Sati na shida aka cire yatsun biyu. Kullum da safe ga sabuwar takardar magani, ni ce farmasi ni ce ɗakin awo. Awakin Inna suka tafi kasuwa, Kawu Idi ya kai ragon da yake kiwo don layya, bai faɗa mini ba sai a bakin mutane na ji. Maƙwabtana, Hajiya da ƴaƴanta, su suka riƙe mana tukunya, suka koyi dafa abin da mai sukari ke ci. Allah ya biya su, ni ba zan iya ba. Daga ƙauye kuwa, cikin matan da Inna ta yi wa wankan jego ɗaya bayan ɗaya, biyu ne suka zo, su ma a ɓoye, suka roƙe ni kada in ce sun zo.

Sati na takwas baƙin ya haura idon sawu. Aka yi maganar yanke ƙafar daga gwiwa, aka sake awo, likita ya kira ni gefe ya ce dafin ya shiga jini, ƙoda ta gaji, jikin ba zai ɗauki aiki ba. Ya ce mu lallaɓa ta.

Amma ni ba ƙafar ce ta fi tsorata ni ba. Inna ta daina waƙa. Matar da ko tsakin kaji take watsawa sai da waƙa, ta juya fuska bango. In na yi addu'a ba ta cewa amin. Rannan na matsa mata, ta ce, «Marta, ki bari. An ruhe mini ƙohwa.» Ta yarda da su, ka ji abin da suka yi mata. Ta yarda Yesu ya juya mata baya, kuma in ta mutu cikin horo, a waje za ta mutu. Kowace safiya kafin ta sha magani sai ta tambaye ni, «Saura kwana nawa?» Ina ƙirga mata kwanakin horo, ina kallon jikinta, na san ba za su kai tare ba.

Na kira Pasto na roƙe shi ya kawo mata jibin Ubangiji. Yaro ne, bai daɗe da fitowa makaranta ba, ba mugu ba ne, tsoron dattawa ke gare shi. Ya ce zai kai maganar. Dattawan suka zauna, Yakubu yana rubutawa. Aka ce in an rage wa Tabita, gobe kowa zai ɓoye nasa ya ce a rage masa. Aka tambayi shugabar mata, ta ce wata uku aka ce. Na je wurin wani pasto a nan Tasawa, ya tausaya ƙwarai, ya zo ya gaishe ta, amma ya ce sai da takarda daga majami'arta. Pastonmu ya zo sau ɗaya da kansa, ya durƙusa bakin gado ya yi addu'a har da hawaye. Na gode masa da ƙurar hanyar da ya sha. Amma hannu wofi ya zo, babu jibin, haka ya koma.

Saura kwana goma sha biyu, Kawu Idi ya shigo da hantsi, da goran nono wanda ya san ba za ta sha ba. Ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙafar gado. Ya ji ta yi mini tambayar nan tata.

«Yaya, wai kwanan mi kuke ƙirgawa kullum?»

Na yi masa bayani. Ya murza gemu, sannan ya ce, «Munduwar Iya ce duk ta kawo wanga? Wadda kika shiga ruwa da ita?»

Inna ta juyo. Rabon da ta juyo da sauri haka tun ƙauye.

«Wa ya hwaɗa maka?»

«Ni na gani. Ran da anka tsoma ku, ina bakin tabki bayan gawo, ina jin haushinki kamar in mutu. Na ga kin ƙulle ta a haɓar zane tun gida, don kada a gan ta in an zo kwasar kaya. Na ce a raina, in Allahn nasu ya yi hushi, ba ta hitowa daga ruwan nan. Sai na ga kin hito kina dariya, ruwa na zuba.»

Ya gyara zama ya ce, «Ni ban san addininku ba, Yaya, kuma kin san inda na tsaya. Amma Allah ba sai Saratu ta ba shi labari ba.»

Inna ta daɗe tana kallon rufi. Na ɗauka barci ne zai ɗauke ta. Can ta ce, a hankali, kamar mai lalubo abu cikin duhun akwati, «Da ita na shiga. Tana nan jikina, tana buga mini cinya.» Ta dube ni. «To ai ya gan ta. Ya gan ta, ya ji ƙaryar da na yi, ya karɓe ni a hakan.»

Na ce, «Haka ne, Inna.»

«Shekara talatin ina cin jibinsa, bai taɓa ture hannuna ba. Mutane ne sunka ji bana. Shi ya daɗe da sani.» Hawaye na bin kunnuwanta, amma fuskar ta sake. «Ƙarya na yi ran nan, Marta, ban ce ban yi ba. Na ce shi ke nan, alhali ba shi ke nan ba. Amma in ba don irin wannan ba, don mi ya mutu?»

Ta ce in kama hannunta. Ta yi addu'a da bakinta, gajeriya, ta faɗi laifinta ta yi godiya, ta ce amin da ƙarfi har matar gadon kusa ta amsa. Kawu Idi ya tashi ya fita waje, na hango shi ta taga yana share ido da hannun riga.

Washegari ba ta tambaye ni saura nawa ba. Ta sha magani, ta ce in kawo mata kwanon shanta, ta kifa shi a kan cikinta tana bugawa da yatsu kamar tulu, tana waƙa da ɗan abin da ya rage mata na murya. Jikin kuwa kullum baya yake yi. Na ce mata ina tsoro. Ta ce, «Ni ma ina jin tsoron zafin. Amma ramin bai riƙe Yesu ba, ni ma aro zai yi na ya maido.» Har tsokanata ta yi, wai in daina kuka a kan zanen gado, ba ni na saya ba.

Rana ta uku da safe ta ba ni saƙo biyu.

«In sun kawo takardar ɗage horon, ki karɓa da ladabi, ki ce masu an riga su.»

«Na ji, Inna.»

«Saratu kuma, ki ce mata na yahe.»

Na kau da kai. Ta matse mini yatsa. «Kin ji ko?» Na ce na ji. Kafin azahar ta cika, kanta a cinyata, Kawu Idi yana riƙe da ƙafarta mai lafiya. Saura kwana tara horon ya cika.

Muka kai ta gida. Sai ga wata matsala: wanda ya mutu cikin horo, zumunta ba ta raka shi da waƙa, ga kuma jama'a sun cika ƙauyen, Musulmi sun fi mu yawa, kowa na faɗin alherin Tabita. Dattawa suka shiga majami'a. Shayin da aka ɗora wa baƙi bai tafasa ba suka fito. Abin da na yi sati huɗu ina roƙo a waya, ga shi an gama kafin a wanke kofuna. Yakubu ya miƙo mini takarda da hatimi, an ɗage horon ƴar'uwa Tabita, an maido ta cikin zumuntar masu bi. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu, yadda ta ce. Na dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya na ce, «Inna ta ce a gaishe ku. Ta ce an riga ku.» Babu wanda ya tambaye ni wa ya riga su. Pasto ya rufe fuska da hannu.

Matan suka ɗauko tuluna, aka shimfiɗa zanen zumuntar Inna a kan akwatin gawar. Gwaggo Saratu ce ta ɗaga waƙar.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. Raunin ƙafar tsoho in ya kwana bakwai bai rufe ba, a kai shi a auna sukari, a yi addu'ar a cikin mota. Kada a sa mara lafiya azumi. Wanda aka ba amana, in ya ga gyara, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Masu riƙe da horo kuma su tuna mutum suke horo, ba kwanaki ba. Ban bar majami'a ba, kuma ba zan bari ba, don na ga abin da bangaskiya ta yi wa Inna a kwana ukun nan, bayan mutane sun gama nasu. Na san inda take, na san zan gan ta da ƙafa biyu.

Saƙo na farko na isar tun ran jana'iza. Na biyun shekara guda yana bakina. Sau uku ina zuwa ƙofar gidan Gwaggo Saratu, in na hango ta sai in ga tsumman nan a tsakar gidanmu, in juya. An ce ta rame, an ce ta ajiye tulu, ba ta ɗaga waƙa tun ranar. Na san jikarta tana karanta mata abin da aka rubuta, don haka ga shi, kada ni ma in ci amanar da aka ba ni.

Gwaggo Saratu, Inna ta ce ta yafe. Da bakinta ta faɗa, da hankalinta, tana matse mini yatsa. Wannan nata ne, na sauke. Nawa kuwa bai zo ba tukuna, ina roƙon wanda ya karɓi Inna da munduwa a haɓar zane ya karɓe ni da wannan a ƙirji, har ranar da zan iya.